Me ya sa likitocin agaji suka jinkirta ba yaran Bagega maganin gubar dalma?

Tambayar da aka aiko ita ce: lokacin da gubar dalma ta kashe yara a jihar Zamfara, an ce Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, tana da maganin a hannunta, amma yaran garin Bagega ba su fara samunsa ba sai a shekarar 2013, alhali tun 2010 aka san halin da suke ciki. Mai tambayar yana son ya san ko wannan ba rashin tausayi ba ne, kuma mene ne amfanin ƙungiyar agaji idan za ta naɗe hannu tana jiran gwamnati.

Malam, abin da ka ji gaskiya ne, an yi wannan jinkiri, kuma yara sun cutu a cikinsa. Sai dai dalilinsa yana cikin yadda ita dalmar take aiki a jikin yaro da yadda maganinta yake aiki, kuma idan ba a fahimci waɗannan biyun ba, za a ɗora laifin a inda ba nan yake ba.

A watan Maris na 2010 wata tawagar MSF da ke sa ido kan cutar sanƙarau a Zamfara ta sami labarin cewa yara ƙanana suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai ya suma, sai a wayi gari babu shi. Lokacin zafi ne, don haka kowa ya ɗauka sanƙarau ne ko kuma zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, amma aka ba da magungunan waɗannan cututtuka ba su yi komai ba. Mutanen ƙauyukan sun lura cewa agwagin gari sun riga yaran mutuwa, sai dai babu wanda ya haɗa wannan da wancan a lokacin. Da aka gwada jinin yaran sai aka tarar dalma ce. A watan Mayu hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta turo ma'aikata suka bi gida gida a ƙauyukan Dareta da Yargalma, suka tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin rayayyun da aka gwada, kashi 97 cikin ɗari suna da dalma a jini da ta kai ko ta wuce maikirogiram 45 a kowace desilita, matakin da likitoci ke fara ba da magani. 'Yar na'urar gwajin da ake yawo da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, kuma jinin yara da yawa ya wuce iyakarta. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi shi ne aƙalla yara 400 suka rasu a wannan karon farko.

Tushen abin zinare ne. Farashinsa ya tashi sosai a kasuwar duniya bayan rikicin tattalin arziki na 2008, sai manoman da rani ya bar su babu aiki suka koma haƙa. Dutsen da suke haƙowa a wannan yanki yana ɗauke da dalma mai yawa, irin dutsen nan mai ƙyalli da ake yin tozali da shi. Ana kawo shi gari a buhuna, a farfasa da guduma, a niƙa a injin niƙa irin na hatsi, a wanke a bakin tafki, sannan a kama zinaren da zaiba a ƙona. Saboda tsoron ɓarayi, kuma saboda matan da ke kulle su ma su samu na kashewa, sai aikin ya shigo tsakar gida: mace tana dakan dutse a turmi, goyonta yana bayanta, mai rarrafe yana gefe yana wasa da ƙasa yana kai hannu baki, hatsi yana shanye a tabarma kusa da su. A wasu wuraren an auna ƙasa aka tarar dalmar da ke cikinta ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, wato kashi 10 cikin ɗari na ƙasar dalma ce, alhali ƙa'idar Amurka ta lokacin ga wurin da yara ke wasa kashi 400 cikin miliyan ce. Hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa, kuma yaron da ke fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki ya fi kowa tsotsa, shi ya sa manya suna yawo lafiya lau a ido, yara suna faɗuwa.

Yanzu ga maganin. Wanda aka fi amfani da shi a Zamfara sunansa DMSA, ƙwaya ce da ake haɗiya, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ga ƙaramin yaro sai an buɗe ƙwanson an gauraya garin da wani abu kafin ya karɓa. Aikinsa shi ne ya kama dalmar da ke yawo a jini ya fitar da ita ta fitsari. Zagaye ɗaya na yau da kullum kwana 19 ne, kwana biyar na farko sau uku a rana, sauran sha huɗun sau biyu. Yaron da gubar ta riga ta kai ƙwaƙwalwarsa, yana jijjiga ko ya suma, shi ana kwantar da shi ne a yi masa wani maganin ta jijiya. Matsalar ita ce dalmar da ke jini kaɗan ce daga abin da ke jiki. Mafi yawanta tana shiga ƙashi ta zauna a gurbin sinadarin da ke gina ƙashi, kuma tana iya shekaru masu yawa a can. Idan aka gama zagaye ɗaya jini ya washe, sai ƙashi ya sake sako tasa, bayan 'yan makonni a gwada a ga ta hau. Shi ya sa a shekarar farko ta aikin, yara 1,156 sun sha zagaye 3,180 a tsakaninsu, kusan uku ga kowane yaro, wasu kuma fiye da haka nesa.

To, ka ɗauki wannan yaro ka mayar da shi tsakar gidan da ƙasarsa take cike da dalma. Abin da magani ya fitar da safe, hannunsa zai mayar da shi ciki kafin yamma, kamar mai kwalfe ruwa a ɗakin da rufinsa ke yoyo ana tsakiyar ruwan sama. Kuma abin bai tsaya a aikin banza ba. Likitoci suna da fargaba mai tushe cewa shan irin wannan magani yayin da yaro yake ci gaba da haɗiyar dalma yana iya ƙara yawan abin da hanjinsa ke tsotsa. Shi kansa maganin yana taɓa hanta, yana iya rage ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, yana kuma fitar da wasu sinadarai masu amfani tare da dalmar, don haka ba abu ne da za a riƙa ɗura wa yaro wata da watanni babu iyaka ba. Akwai kuma wata illa da ba ta jiki ba, wadda ni a ganina ta fi sauran haɗari: da zarar mota ta fara zuwa gari tana raba magani, iyaye za su sakankance cewa an shawo kan matsalar, hukuma kuma za ta sami abin nunawa, sai batun kwashe ƙasa ya mutu murus. Ƙa'idar da duk likitocin guba suka yarda a kanta ita ce a raba mutum da tushen gubar tukuna, sannan a yi maganin abin da ya riga ya shiga.

A 2010 an bi wannan ƙa'ida ta hanya mai wuya. An buɗe sassa na musamman a manyan asibitocin Anka da Bukkuyum, ana ɗauko yaran da suka fi jigata tare da iyayensu mata a kwantar da su makonni, nesa da ƙurar gida, a ba su magani a can. A daidai wannan lokaci wani kamfanin injiniyoyin muhalli daga jihar Idaho ta Amurka mai suna TerraGraphics, tare da cibiyar Blacksmith mai yaƙi da gurɓatar muhalli da ma'aikatan gwamnatin jihar Zamfara, suka shiga aikin share garuruwa, don yaron da aka sallama ya koma gida mai tsabta. Aikin ba na manyan injuna ba ne. Samarin gari ne da fartanya da shebur suke kankare saman ƙasa kimanin santimita biyar a kowane tsakar gida da ɗaki da lungu, a zuba a buhuna, a kai wani rami da aka tanada a bayan gari a binne. Sai a ɗora na'urar auna ƙarfe a wurin a ga ko ya sauka, idan bai sauka ba a ƙara kankarewa, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Kafin a yi wannan sai an fitar da kayan ɗaki kaf an goge, sai mai gida ya yarda baƙin maza su shiga gidan da ba a shiga, kuma sai an yarda a fitar da injinan niƙa da turamen dutse zuwa wajen gari. Wannan ɓangaren ba Bature ne ya iya shi ba, sarakuna da hakimai da limamai ne suka sa baki aka yi. An gama Dareta da Yargalma kafin damina ta kankama ta tare hanyoyi, bayan damina aka ci gaba da Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru da Tungar Daji, zuwa farkon 2011 garuruwa bakwai sun samu. A duk inda aka gama sharewa, MSF ta buɗe wurin ba da magani a cikin garin, mace-macen yara kuma suka faɗi warwas.

Bagega ce ta rage, ita ce kuma mafi girma. Nan ne cibiyar niƙa da wankin dutse ta yankin, da fili guda na injuna da tafkin da gubar ta gurɓata, da yara kusan 1,500 da ke cikin haɗari. Kuɗin agajin gaggawa da aka share sauran garuruwan da su sun ƙare, aikin Bagega kuma ya fi ƙarfin abin da ya rage. Dabarar kwantar da yara a asibiti tana yiwuwa ga gommai, ba ta yiwuwa ga dubu da ɗari biyar da iyayensu mata na tsawon watanni, a bar gidaje da sauran 'ya'ya da gonaki. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 domin share garin da inganta hanyar haƙa da kula da lafiya, amma kuɗin suka maƙale a Abuja. A watan Mayu na 2012 aka yi babban taro a Abuja kan wannan matsala, ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai da aka sa ran gani ba su halarta ba. MSF ta fito fili tana faɗa a kafafen yaɗa labarai cewa a shirye take ta fara magani ranar da aka gama share rukunin gidaje na farko, kuma abin da ya hana shi ne kuɗin da ba a saki ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta shiga maganar, matasan Najeriya ƙarƙashin shirin Follow the Money mai bin diddigin kuɗin gwamnati, wanda Hamzat Lawal yake cikin jagororinsa suka ɗaga murya a Twitter da Facebook da sunan ceton Bagega, har gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a ƙarshen Janairun 2013. Aka shiga share garin, kuma a watan Afrilu na wannan shekara rukunin farko na yaran Bagega suka fara shan magani.

Saboda haka ba naɗe hannu aka yi ba, ko da yake na san mai tambaya zai ce, to me ya hana ƙungiyar ta biya kuɗin sharewar da kanta, tunda ba ta rasa kuɗi ba? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ma'aikatan agaji da kansu suna jayayya a kan irinta. Hujjar masu cewa a biya a bayyane take: yaron da ke shaƙar dalma yau bai damu da aljihun da kuɗin ya fito ba. Hujjar ɗaya ɓangaren ita ce ƙungiyar ta likitoci ce, kuɗinta mafi yawa gudummawar ɗaiɗaikun mutane ne da suka bayar domin jinya, kuma share gari da tsara haƙar ma'adinai da hana sake gurɓatawa aiki ne da sai mai iko da ƙasa zai iya ɗorewa a kansa. Idan baƙo ya share Bagega a bana, wa zai hana a dawo da buhunan dutse cikin gida baɗi? Kuma idan ƙasa mai arzikin man fetur ta ga cewa jan ƙafa yana sa wani ya biya mata, gari na gaba ma haka za ta yi. Ni ina ganin matsayin da aka ɗauka shi ne daidai ta fuskar likitanci, kuma ya yi tasiri tunda a ƙarshe kuɗin sun fito, amma ba zan ce an yi shi kyauta ba. Kusan shekara uku a rayuwar yaro ɗan ƙasa da biyar su ne shekarun da ƙwaƙwalwarsa take ginuwa, kuma abin da dalma ta ɓata a wannan lokaci ba ya gyaruwa. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2001, ya nuna cewa DMSA yana rage dalmar jini amma bai dawo wa yaran da kaifin fahimtar da suka rasa ba. Maganin yana hana mutuwa, yana tsayar da ɓarna, iyakarsa ke nan. Akwai yara a waɗannan garuruwa da suka rayu amma suka makance, ko suka shanye, ko suka tashi da farfaɗiya, da wasu masu yawa da ba a ganin komai a jikinsu sai an sa su makaranta. Wannan asara tana wuyan waɗanda suka riƙe kuɗin, ba tana wuyan wanda ya ƙi ba da maganin da ya san ba zai yi aiki ba.

Ya kamata kuma a lura cewa fitowa fili a zargi gwamnati ba ƙaramin kasada ba ne ga ƙungiyar da take aiki da izinin wannan gwamnatin. MSF ta samo asali ne a Faransa a 1971, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai likitocin da suka yi aiki a yaƙin Biyafara suka dawo da ra'ayin cewa likita ba zai ga abu ya yi shiru ba. Amma maƙwabtanmu na Nijar sun ga yadda irin wannan take ƙarewa: bayan ƙungiyar ta yi jinyar dubban yara masu tamowa a yunwar 2005, gwamnatin Tandja Mamadou ta dakatar da reshenta na Faransa daga aiki a Maraɗi a 2008. Duk lokacin da ƙungiyar agaji ta buɗe baki, tana auna abin da maganar za ta samo da yiwuwar a rufe mata ƙofa marasa lafiyarta su rasa kowa. A Bagega lissafin ya yi sauƙi, domin shiru ba zai ba ko yaro ɗaya magani ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa fargabar sake gurɓatawa ba zato ba ce. A wasu garuruwan da aka share an sake samun gidajen da dalma ta hau, domin maza suna dawowa daga wurin niƙa da ƙura a tufafi da jiki, wasu kuma sun ci gaba da ɓoye dutse a ɗaka. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu. A can ne aka fi mayar da hankali kan mataki na uku bayan share gari da ba da magani, wato gyara yadda ake aikin haƙar kansa, tare da wata ƙungiyar kare lafiyar ma'aikata mai suna OK International: a jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, a ware wurin aiki nesa da gidaje, ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya koma gida, kada a ci abinci a wurin niƙa. Masu aikin lafiya sun daɗe suna gargaɗin cewa haramta haƙa ba ya hana talaka haƙa, sai dai ya mayar da niƙan cikin gida inda ba a gani, kuma ya sa iyaye su ɓoye yaro mara lafiya don tsoron hukuma. Haramcin da gwamnatin tarayya ta sa a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda 'yan bindiga aka sa shi, ba saboda dalma ba, kuma rashin tsaron da kansa ya sa zuwa garuruwa irin su Bagega ya zama da wuya ga ma'aikatan lafiya.

A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jihar Zamfara, bayan ta gwada yara fiye da 8,000 'yan ƙasa da shekara biyar, fiye da 3,500 daga cikinsu suka sha maganin fitar da dalma. A watan Disamba na 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar, farashin zinare kuma ya ninka abin da yake a 2010 fiye da sau biyu, don haka duk abin da ya jawo mutane ga dutsen yana nan, har ya ƙaru. Akwai kuma wani nauyi da ya rage a kan asibitocin jihar wanda ba a cika maganarsa ba. 'Yan matan da suke rarrafe a Dareta da Bagega a 2010 yanzu sun kai ko sun kusa kai shekarun aure, kuma lokacin goyon ciki da shayarwa jikin mace yana ɗebo sinadarin ƙashi domin ya gina jariri, dalmar da ta kwanta a ƙashin tana fitowa tare da shi ta ratsa mahaifa. Duk macen da ta tashi a waɗannan garuruwa ya kamata a gwada dalmar jininta idan ta zo awon ciki, a tabbatar tana samun maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, a kuma gwada jaririn bayan haihuwa, wanda ke nufin asibitocin Anka da Bukkuyum suna buƙatar na'urar gwaji mai aiki da kayan gwajinta a kowane lokaci.